Ƙaura da Jikin Ɗan'adam: Darasi Daga Iyalan Sojojin Kudancin Katsina

Ranar 6 ga watan Yuli ita ce ranar da Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya take yin bikinta na shekara-shekara. A 2020 garin Faskari ne ya karɓi baƙuncin wannan biki, inda aka kafa babban sansani na huɗu, aka kuma ƙaddamar da farmakin da aka sa wa suna Sahel Sanity a ƙarƙashin Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa na lokacin, Laftana-Janar Tukur Yusuf Buratai. Wata biyar bayan haka, a daren 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai sama da 300, waɗanda ba a sako ba sai ranar 17 ga watan. Tun daga waɗannan shekaru ake ta turo sojoji daga sassan ƙasar nan zuwa Faskari da Ƙanƙara, masu iyaka da Zamfara, da kuma Sabuwa mai iyaka da ƙasar Birnin Gwari.

Kowane kurtu ko kofur ko saje da aka turo, yawanci akwai mata da 'ya'ya a bayansa. Sansanin bakin daga ba wurin zaman iyali ba ne, saboda haka ɗaya daga cikin abu uku ke faruwa. Ko dai iyalin su zauna a tsohon barikinsu su kaɗai, ko su koma gidan iyaye, ko kuma su biyo maigida zuwa wuri mafi kusa da za a iya zama: barikin Natsinta a Katsina, ko Basawa a Zariya, ko ɗakin haya a Funtuwa ko Malumfashi. Waɗanda suka biyo ɗin su ne abin nazari a wannan maƙala. An saba ɗaukar ƙaura a matsayin sha'anin mota da kaya da kuɗin haya. A wurin mai nazarin halittu kuwa, abu ne da ke aukuwa a cikin jini da ƙwaƙwalwa da hanji, kuma wanda ya san yadda yake aukuwa ya fi sanin irin taimakon da ya dace da baƙo, da lokacin da ya kamata a ba shi.

Darasi daga lambu

Mai noman rani a fadamun Faskari ya san wani abu da ya kamata duk mai shirya canjin wurin aiki ya sani. Idan zai yi dashen tumatur ko tattasai, ba ya cire irin da tsakar rana. Yakan jira yamma ta yi sanyi, ya ciro shi da 'yar ƙasarsa a jikin saiwa, ya dasa, ya ba shi ruwa nan take. Duk da wannan lallami, washegari sai a ga irin ya yi yaushi ya kwanta.

Dalili shi ne, ba manyan saiwoyin da ido ke gani ne ke tsotsar yawancin ruwa ba. Akwai waɗansu siraran gasu a kusa da bakin kowace saiwa, kowane ɗaya tsawon ƙwayar halitta guda ne, su ne ke kutsawa tsakanin ƙwayoyin ƙasa suna sha. Cirar iri na tsinka mafi yawansu. Ganye kuwa bai san an yi ƙaura ba, yana ci gaba da fitar da ruwa ta 'yan ƙofofinsa kamar kullum. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, sai tsiro ya yi laushi. Cikin 'yan kwanaki sababbin gasu za su tsiro, amma a cikin 'yan kwanakin nan ne dashe ke kamawa ko ya mutu. Mutum ba tumatur ba ne, sai dai shi ma abubuwan da ke riƙe da shi a wuri ƙanana ne da ba a lura da su: maƙwabciyar da ake bar wa yaro, mai kantin da ke ba da bashi zuwa ƙarshen wata, unguwarzomar da ta san tarihin cikin mace, abokin da ake tafiya makaranta tare. Motar kaya ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu.

Ƙararrawar jiki

A 1936 wani masani mai suna Hans Selye, wanda ke aiki a Kanada, ya lura cewa ko wace irin wahala aka ɗora wa ɓera, sanyi ne ko rauni ko guba, jikinsa amsa iri ɗaya yake bayarwa. Daga nan aka fara fahimtar abin da a yau ake kira matsi. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna haifotalamas. Da zarar ya sami labarin haɗari, sai ya aika saƙo ga wata 'yar halitta mai girman wake da ke rataye a ƙarƙashinsa, ita kuma ta saki sinadari cikin jini zuwa ga waɗansu halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula. Waɗannan su ke zubo sinadarin kotisol. Tun kafin shi ma, jijiyoyi sun riga sun sa an saki adirenalin, wanda ke sa zuciya bugawa da sauri, baki ya bushe.

Aikin kotisol shi ne tara wa jiki guzuri don gudu ko faɗa. Yana ƙara sukari a jini, yana kuma rage kashe ƙarfi a kan ayyukan da za su iya jira, wato narkar da abinci da girma da wani ɓangare na garkuwar jiki. Ga wanda ya yi kiciɓis da maciji wannan rahama ce, domin cikin ɗan lokaci komai zai koma daidai. Matsala tana zuwa ne idan aka buga ƙararrawa aka rasa mai kashe ta. A jiki mai lafiya kotisol yakan kai ƙololuwa kamar rabin sa'a bayan farkawa da safe, ya yi ta sauka har tsakar dare. Matar da ke kwana tana sauraron ko waya za ta yi ƙara, a ɗakin da ba ta saba da shi ba, a garin da ba ta jin harshensa, wannan tsari nata yakan rikice, barci ya ƙi zuwa, kasala ta yi yawa da rana.

Ko barcin daren farko a baƙon wuri yana da bayani. A 2016 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna cewa a daren farko a sabon ɗaki ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa cikin barci kamar na dama, yana zama kamar mai gadi, ƙaramin motsi na tayar da shi. An ga makamancin haka ga agwagin ruwa: wanda ya kwana a gefen garke yakan bar ido ɗaya a buɗe yana duban waje.

Likitoci biyu, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun yi ƙoƙarin auna nauyin sauye-sauyen rayuwa a 1967. Sun ba mutuwar miji ko mata maki 100, sauran abubuwa suka biyo a ƙasa. Sauya gida maki 20 kacal ya samu, abin da zai sa a ce ƙaura ba komai ba ce. To amma ƙaura ba ta zuwa ita kaɗai. A ƙara sauyin yanayin zama 25, sauyin makaranta 20, sauyin hulɗa da jama'a 18, sauyin barci 16, sauyin abinci 15, an sami 114. Idan matar tana da juna biyu a ƙara 40, an haye 150, iyakar da daga ita suke ganin haɗarin rashin lafiya ya fara hawa. Rahe ya jarraba ma'aunin a kan sojojin ruwan Amurka kimanin 2,500, ya ga masu yawan maki sun fi zuwa ɗakin shan magani. A kan Amurkawa aka gina ma'aunin, ba kuwa za a ce makin ya dace da matar Funtuwa daidai wa daida ba. Abin ɗauka a ciki shi ne, ƙananan sauye-sauye taruwa suke yi.

Cewa damuwa na buɗe wa cuta ƙofa ba zance ne na fatar baki ba. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum 394 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci, bayan an auna yawan damuwar kowa. A cikin mafi ƙarancin damuwa kashi 27 cikin ɗari suka kamu. A cikin mafi yawan damuwa, kashi 47. 

Uwa ita ce inuwar yaro

Nan ne gindin maganar. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, cikin Satumba 1939, hukumomin Ingila sun kwashe mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi, yawancinsu yara, daga birane zuwa ƙauyuka don gudun bama-bamai. Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka riƙe gidajen renon yara a Landan a shekarun yaƙin, sun lura da wani abin mamaki. Ƙananan yaran da suka kwana a ramin ɓuya tare da uwa mai natsuwa ba su nuna firgita sosai ba, ko da gini na rushewa a kusa. Waɗanda aka raba da iyayensu mata aka kai su wuri mai aminci su ne suka fi rikicewa. Waɗanda uwayensu suka firgita kuwa, sun firgita tare da su. Ma'ana, ƙaramin yaro a fuskar uwarsa yake karanta girman haɗari.

Daga baya an gano yadda abin ke aiki a cikin jini. A 2010, a Jami'ar Wiskonsin, Leslie Seltzer da abokan aikinta sun sa 'yan mata 61 masu shekara 7 zuwa 12 yin jawabi da lissafi a gaban baƙin mutane, abin da ya ɗaga musu kotisol. Sai aka kasa su uku. Kashi na farko uwayensu suka zo suka rungume su, na biyu suka yi magana da uwayen ta waya, na uku aka kunna musu fim. A kashi biyun farko sinadarin oksitosin, wanda ke tattare da shaƙuwa da natsuwa, ya hau, kotisol ya sauka da wuri, kuma bambancin runguma da murya bai taka kara ya karya ba. A kashi na uku kotisol ya daɗe a sama. Da aka sake gwajin da rubutaccen saƙo, ba a sami wannan amfani ba. Sirrin a cikin sautin murya yake.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, duk taimakon da aka yi wa matar soja a makonnin farko magani ne aka ba 'ya'yanta. Buhun shinkafa da ake rabawa a gaban kyamara yana da amfaninsa, amma matar da ta sami wadda za ta kai ta kasuwa ta nuna mata asibiti, ta kuma san ranar da albashi zai shigo hannunta, ita ce za ta iya kwantar wa yaro da hankali. Na biyu ya shafi waya. A watan Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, cikinsu har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da Funtuwa da Malumfashi, ba a kuwa fara maido da su ba sai cikin Disamba. An yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa a lokacin. Da wuya a ji wanda ya lissafa yaran da suka yi makonni ba su ji muryar ubansu ba, ko matan da ba su da hanyar sanin ko maigida yana raye. Gwajin Wiskonsin a kan muryar uwa aka yi shi, amma hankali zai yarda cewa kira na minti uku a ranar da aka tsayar ya fi zaman jiran tsammani sauƙi a jikin iyali duka. Idan dole ta sa a katse layi, wajibi ne rundunar da ta tura mutum ta tanadi wata hanyar isar da labari gida.

Yaro ba ya cewa ina cikin damuwa. Jikinsa ne ke faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi, mai cin abinci ya ƙi ci, wani ya riƙa kukan ciwon ciki kowace safiya ta makaranta, wani ya maƙale wa uwarsa ko bayan gida za ta shiga. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ƙara wa ƙararrawar ƙarfi take yi. Abin da ke taimakawa shi ne a maido masa da abin da ya sani: lokacin barci ɗaya, tabarmarsa ko bargonsa na da, irin abincin da ya saba ci ko da sau ɗaya a rana, da gaskiya daidai hankalinsa game da inda babansa yake. Yawancin yara sukan dawo daidai cikin 'yan makonni. Wanda ya zarce watanni yana ramewa ko ya daina magana, a kai shi ga likita.

Sauron da bai san yaron ba

Garkuwar jiki tana da tarihi, kuma tarihin na wurin da aka tashi ne. Macen sauro nau'in anofilis ce ke zuba ƙwayar zazzaɓi a jini. Ƙwayar takan wuce hanta ta yi kamar mako guda tana hayayyafa shiru, sannan ta fito ta afka wa jajayen ƙwayoyin jini, a nan ne masassara ke tashi. Wanda ya girma a inda cutar ta yi yawa, idan ya tsallake shekarun farko, jikinsa yakan koyi riƙe ta, ya yi zazzaɓi amma da wuya ta kai shi ga suma. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, ya nuna yadda wannan garkuwa ke ginuwa sannu a hankali tare da shekaru a ƙasar Hausa.

To ga abin lura. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar zazzaɓi a jinin kashi 23 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya. Amma a Legas kashi 2 ne, a Kebbi kashi 52. Ƙasa ɗaya ce, soja ɗaya ne, amma yaron da aka haifa a barikin Ikeja aka kawo shi arewa maso yamma a watan Agusta ya zo da jikin da bai yi karatun da tsaransa na nan suka yi ba. Kudancin Katsina kuma ya fi arewacin jihar ruwan sama, abin da ya mai da shi ƙasar masara da auduga, ya kuma tanadar wa sauro kududdufai tun daga tsakiyar damina har kaka. Ɗan shekara bakwai da ya zo daga inda cutar ba ta da yawa yana iya kwanciya kamar ɗan shekara biyu. Mai juna biyu, musamman cikin fari, tana cikin irin wannan haɗari ko da 'yar gida ce, domin ƙwayar tana taruwa a mabiyiya.

Akwai kariya, kuma Katsina ce jihar da aka fara jarraba ta a Nijeriya a 2013, shekara guda bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ana bin gida-gida da damina ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 magani na kwana uku, sau ɗaya kowane wata. A gwaje-gwaje wannan ya rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Sai dai masu rabon da lissafin gidaje suke aiki, kuma baƙuwar da ta sauka bayan an yi ƙidaya, ko ta ji ana sallama da harshen da ba ta ji ta ƙi buɗe ƙofa, ita ake tsallakewa. Gidan sauro mai magani ya kamata a ɗaura tun daren farko, kafin a kwance sauran kaya. Zazzaɓin da ya taso wa baƙon yaro mako ɗaya ko biyu da sauka kuwa, kada a ce gajiyar hanya ce. A gwada jini a ranar.

Hunturu da cunkoso

Da rani wani abokin gaba ne ke jira. Arewacin Nijeriya na cikin zirin ƙasashen da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha inda sanƙarau ke yin annoba. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 wani nau'insa ya taso daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina, ya halaka sama da mutum 1,100. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya ba tare da sun sani ba. Busasshiyar iska da ƙurar hunturu ke tsattsage lallausar fatar hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, daga nan ta haura zuwa rufin ƙwaƙwalwa.

Bariki da sanƙarau tsofaffin abokai ne. A 1917 da 1918 wani likita mai suna Glover ya bi ɗakunan kwanan kurata a Ingila yana auna tazarar da ke tsakanin gadaje yana kuma duba maƙogwaro. Ya tarar duk inda aka matse gadaje, masu ɗauke da ƙwayar sun yawaita. Da aka buɗa tazara aka buɗe tagogi, sai suka ragu. Iyalin da suka sauka ba a ba su ɗaki ba, suka raɓa da wani iyali mutum goma a ɗaki guda, an toshe taga saboda sanyi, sun cika duk sharuɗɗan Glover. Samar da ɗaki kafin isowa, a nan, aikin likita ne da magini ke yi. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar, a 2024. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba abin jira zuwa safe ba ne.

Zafin bazara shi ma sai jiki ya koye shi. Wanda ya taso daga sanyin Jos zai yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ruwan jininsa ya ƙaru, ya fara gumi da wuri, gumin kuma ya rage gishiri. Yara sun fi manya jinkiri. Abin da ake kira canjin ruwa kuwa gaskiya ne. Hanji cike yake da ƙwayoyin halitta da suka saba da abinci da ruwan wuri guda, sabuwar rijiya kuma tana da nata. A tafasa ruwan yara a makonnin farko, idan zawo ya zo a ba da ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono.

Takardun da suka fi kujeru daraja

A cikin kayan ƙaura akwai 'yan takardu da ake cusawa a ƙasan akwati su ɓace: katin rigakafi da katin awon ciki. Jariri yana karɓar allura ranar haihuwa, da mako 6 da 10 da 14, da wata 9, sai ta biyu ta ƙyanda a wata 15. Tazarar nan ba don jin daɗin ma'aikata aka sa ta ba. Allurar farko tana gabatar da cutar ga garkuwar jiki, na baya su ke sa ta riƙe darasin shekaru. Ƙaurar da ta faɗo a mako na takwas tana iya barin yaro da rabin kariya, kuma ɓarkewar mashaƙo da ta taso daga ƙarshen 2022 a Kano da Yobe da Katsina ta fi cin irin waɗannan yara da waɗanda ba a taɓa yi wa ba. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, allurar da aka yi jinkirinta ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, muddin an san inda aka tsaya. Haka mai shan maganin tarin fuka na wata shida, da mai sikila, da mai hawan jini, kowa na bukatar takardar miƙawa daga tsohon asibiti da maganin da zai kai shi wata guda. Rajistar inshorar lafiya ma a asibiti guda take, sai an nemi a mai da ita sabon wuri.

Makaranta tana da nata rami. A Amurka, inda ɗan soja kan sauya makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya gama sakandare, jihohi sun ƙulla yarjejeniya a 2008 don kada a mai da yaro baya ko a hana shi shiga aji saboda jinkirin takardu, kuma zuwa 2014 duk jihohi 50 sun sa hannu. A nan makarantun 'ya'yan sojoji da ke cikin barikoki suna rage wahalar, amma ɗan da aka sauke a ɗakin haya a cikin gari makarantar gari zai shiga, da Turancin bariki a bakinsa, a tsakiyar zango, a yankin da labarin Ƙanƙara bai gushe daga bakin yara ba. Malamin da ya haɗa shi da yaro guda da zai zauna kusa da shi ya yi masa abin da ya fi darasin mako.

Wa zai tari baƙuwa?

Bariki bai rasa masu wannan aiki ba. Akwai ƙungiyar matan hafsoshi da aka fi sani da NAOWA, mai makarantu da wuraren koyon sana'a, akwai ta matan ƙananan sojoji, NASWA. A ƙasa da su akwai Magajiya, shugabar matan layi, wadda sunanta kansa ya nuna zamanin da Hausa ce harshen soja. Akwai kasuwar Mami, wadda ta samo suna daga Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da abin sha irin kunu a barikin Inugu a 1959. A can ne baƙuwa ke samun jari da adashi da ƙawaye. Kayan aikin suna nan. Abin da ilimin halittu ke ƙarawa shi ne lokaci. Taron maraba da aka shirya bayan wata uku ya zo bayan an gama yaushi.

Makonni biyun farko su ne na ziyara. Magajiya ko wakiliyarta, tare da ma'aikaciyar lafiya, za su iya shiga gidan baƙuwa da tambayoyi kaɗan: ina katin yara, akwai ciki, akwai mai shan magani, an ɗaura gidan sauro, daga wace rijiya ake sha, wace makaranta, yaushe aka ji muryar maigida. Wannan bai fi aikin rabin sa'a da littafi guda ba. Wahalar tana ga waɗanda ke wajen shinge. Matar kurtun da ke haya a wata unguwa a Funtuwa ba ta cikin littafin Magajiya, sau da yawa kuma tana ɓoye aikin mijinta ga maƙwabta saboda tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, abin da ke ƙara mata kaɗaici. Sunanta da unguwarta suna wurin rundunar mijinta kaɗai, don haka daga ofishin da aka rubuta takardar tura shi Sabuwa ya kamata takarda ta biyu ta fita zuwa ga wadda za ta je ta ƙwanƙwasa mata ƙofa.